Kunnuwan Jitar Likita

Warwick Dunstan yana cikin naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin maganaɗisu sai ya ga inuwar doguwar mota ta gifta ta taga. Bai ɗago kai ba. A duk unguwar nan ta bayan tashar jiragen ruwan birnin Hobart, likitan haƙori ne kaɗai zai ajiye irin wannan mota a bakin kwata.

Matarsa Noelene ta shigo da sauri ta sauke butar shayi daga kan risho.

"Tun ɗazu butar nan take ihu a kusa da kai, ni ina can cikin gida ina jin ta."

"Aiki nake yi," in ji shi.

Jitar da likitan ya ba shi aikin ƙerawa tana rataye a bango, an sassaƙa ta da baƙin katakon dajin Tasmaniya, an goge ta har tana ɗaukar ido. Abu ɗaya ya rage. Akwai ramuka biyu a cikinta, a ƙarƙashin tsirkiyoyi, inda za a dasa kunnuwa, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa lasifika. Tun da Warwick ya fara sana'ar ƙera jita, jita ba ta taɓa fita daga shagonsa da kunnen da ba shi ya naɗa ba. Da wannan aka san shi.

Likita Alistair Penfold ya shigo rungume da ɗan akwati kamar mai ɗauke da jariri.

"Babban gwani! Ka ga abin da ya iso daga Amurka jiya? An ce wata tsohuwa ce take naɗa kunnuwan nan da hannunta, kuma sai ranar da babu danshi a iska."

"Ranar da ake ruwa kuma sai ta yi me, Likita? Ta naɗa wa talakawa?"

Likitan ya yi dariya, don bai gane da shi ake ba. Warwick ya san irinsu. Mutum ya kai shekarun furfura, ya iya waƙa uku da rabi, ya cika ɗaki da jitoci, ya haddace duk shirmen da 'yan'uwansa suke rubutawa a intanet. Ba sauti suke saye ba, labarin da za su ba baƙi suke saye.

"A shagona ba a zaɓen kunne da ido," in ji Warwick. "Zauna can, ka fuskanci bango."

Haka al'adarsa take. Yana da wata tsohuwar jitar gwaji da ya fafe ta baya, yadda zai zura kunne ya zare cikin ƙiftawar ido. Mai saye zai juya baya, Warwick ya kaɗa abu guda da kunnuwa iri uku, mutum ya faɗi wanda ya fi masa. Kullum kuma yakan sa tarko a ciki: wasu kunnuwan kamfani da ya ɓalle daga jitar yara da aka yar a juji. Duk wanda ya zaɓe su, da yamma labarinsa zai kai mashaya, a yi ta sheƙa dariya.

Ya fara da na Amurka.

"To, ba laifi," in ji likitan, yana kallon bango.

Ya zura na juji.

Likitan ya saurara har tsirkiyar ta gama rawa. "Sake kaɗa wannan, don Allah."

Warwick ya sake, yana danne murmushi. Ya dubi Noelene don su yi dariyar tare, amma ita ƙasa take kallo.

Sannan ya zura nasa, waɗanda ya gama naɗawa a makon nan. Ya kaɗa da natsuwa. A kunnensa sautin ya fito tas, cikakke, babu abin da za a ƙara masa. Sai ya ga kafaɗun likitan sun ɗage har kusa da kunnuwansa.

"Wayyo! Tsaya, gwani, tsaya. Wannan ai injin haƙa haƙorina ne. Shi nake ji daga safe har yamma, ba zan dawo gida in sake jin sa ba."

"Wane ɓangaren ne ya dame ka?"

"Wannan tsinin sautin na sama, mai shiga ƙwaƙwalwa. Kai ba ka ji ba?"

Warwick ya sake taɓa tsirkiyar a hankali. Ya kasa kunne. Babu wani tsini. Ya dubi matarsa, ya ga ta ɗan runtse ido ɗaya, kamar mai jiran a gama yi mata allura. Sai ya tuna cewa a 'yan shekarun nan yana ta rage naɗin waya don sautin ya ƙara kaifi, saboda duk kunnen da ya gama sai ya ji shi a dushe, kamar an rufe lasifika da bargo. Ya ɗora laifin a kan masu sayar da waya, ya zage su a tarho. Ya tuna wani makaɗin mashaya da ya dawo da jitarsa bara yana cewa tana cizo, shi kuma ya ce masa ya je ya koyi kiɗa tukuna.

Likitan ya juyo, fuskarsa cike da murna.

"Na biyun nake so. Faɗa mini gaskiya, naka ne, ko? Na san naka ne. Na ukun nan kuma na rantse na banza ne, irin na kasuwa."

Abin da Warwick ya saba faɗa a wannan gaɓar yana bakinsa. Sau da yawa ya faɗe shi, yana jin daɗin yadda fuskar mutum take zubewa. Amma in ya ce na biyun daga juji ya fito, tambayar da za ta biyo baya ita ce na ukun na wane ne.

"Na biyun nawa ne," in ji shi.

"Ai na faɗa! Kunnen nan nawa ba ya ƙarya." Likitan ya tura akwatin Amurka gefe da bayan hannu. "Tsohuwa ta yi haƙuri. Ranar Asabar zan zo da abokaina su ga aikin hannu na gaskiya."

Da motar ta tafi, Warwick ya tsartar da yawu a kwandon shara.

"Sakarai. An ba shi na juji yana lumshe ido."

"Sakaran ne dai ya ji abin da ke wurin," in ji Noelene. Ta ɗora butar a kan risho. "Yanzu wanne za ka sa masa?"

Ba ta jira amsa ba, ta koma cikin gida.

Ya jera kunnuwan a kan teburin aiki. In ya dasa nasa, bai yi ƙarya a kan wanda ya naɗa ba, amma ya ba mutum sautin da ya ce ba ya so, kuma ranar Asabar abokansa za su ɗage kafaɗu su ma. In ya dasa na juji, mutum ya sami abin da ya zaɓa da kunnensa, sai dai sunan da ke kai ba na mai aikin ba ne. Ya juya abin ta kowace fuska yana neman inda laifin zai koma kan likitan, bai samu ba.

Ya ɗauki aska ya kankare tambarin kamfanin da ke bayan na jujin, a hankali, har ƙarfen ya yi fes. Ya ɗauko murafan katako guda biyu da ya riga ya sassaƙa don rufe kunnuwan jitar, ya sa ɗan hatiminsa a wuta, ya danna haruffan sunansa a kan kowanne. Sun zauna daram a kan na jujin, ba wanda zai ce ba don su aka yi su ba.

Da ya ɗago kai, sai ya ga tururi yana fita daga bakin butar da ƙarfi, miƙe kamar sanda. Ya tsaya yana kallon sa, ya karkata kai ta dama, ya karkata ta hagu. Shagon shiru, ko kaɗan bai ji ihun butar ba.