Wanda Bai Iya Gwajin Zuciya Ba

Kafin shugabar asibitin ta ajiye kofin shayinta, Dakta Dogo ya ci kwalar Dakta Gilashi.

"Ni ne ban iya karanta gwajin zuciya ba? Maimaita in ji."

"Sake ni, malam. Kai da ka riƙe takardar a kife kana gyaɗa kai?"

Ita ta jawo wa kanta. Hukumar lasisi ta ce kafin a tashi aiki yau ta faɗi fannin da likitocinta suke bukatar ƙarin horo, in ba haka ba babu kwas ɗin bana, babu sabunta lasisin kowa, har nata. Sai ta tara su a ɗakin shan shayi, ta tambaya da lalama: wa yake da rauni a ina?

Kowa ya koma kan shayinsa. Can Dogo, wanda ya yi suna a ciwon suga, ya ce a koya masa ciwon suga. Gilashi, gwanin cutar fata, ya zaɓi fata. Kowa ya nemi abin da ya fi iyawa, don ranar kwas ya ɗaga hannu ya gyara wa malami zance.

Ta dube su a wulaƙance. Manyan mutane da furfura, amma gara a yanke musu yatsa da su ce "ban sani ba".

"To, na canza tambaya. Me likitan da ke maƙwabtaka da ɗakinka bai sani ba?"

Nan bakuna suka buɗe. Wane duk tari maganin ƙwayoyin cuta yake rubuta masa. Wance rabonta da littafi tun tana amarya. Dogo kuwa, in ji Gilashi, gwajin zuciya. Nan aka kai ga cin kwala.

Shugaba tana ta rubutu, ranta fes. Ta samu darasin bana, har da na baɗi.

"Ku daku, amma a hankali," ta ce. "Akwai masu jira."

Sai a lokacin ta lura tagar da ke kallon layin marasa lafiya a buɗe take, kuma babu mai ko tari a wajen.

Aka turo ƙofa ba sallama. Wani ƙato ne, yana riƙe da hannun wani tsoho mai haki.

"Sannunku da ilimi," ya ce. "Wanne ne a cikinku bai iya gwajin zuciya ba? Don tun bara wani dogo yake duba babana."