Ƙugiya Huɗu da Bel Ɗaya

Shekara goma sha tara da wata huɗu ke nan da Injiniya ya auri 'yar Inna, kuma a tsawon wannan zamani bai taɓa matsawa kusa da surukarsa fiye da taku uku ba. Daga bakin ƙofa yake gaishe ta, a durƙushe, idonsa a kan takalmansa. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Injiniya take cewa, kamar yadda ake kiransa a garejinsa.

Da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Inna a keken marasa lafiya, a shekara ta goma sha bakwai da auren, shi ya cire kujerun bayan motarsa, ya kafa ƙarafa a daɓenta, ya ƙera gangarar da ake turo keken. Ya san aikin sarai. Maɗauri huɗu ne, biyu gaba biyu baya, a maƙala ƙugiyarsu a ƙarfen jikin keken, ba a taya ko wurin ɗora ƙafa ba, mai keken kuma ya fuskanci gaba. Waɗannan nasa ne. Na biyar, wato bel ɗin motar da ke ratsa ƙugu da kafaɗa, aikin matarsa ne, domin sai an sunkuya a kan mutum, an zura shi ta ƙarƙashin wurin ɗora hannu, an kwantar da shi a ƙashin ƙugu.

Ranar wata Talata da hantsi matar tana asibiti, kwana ɗaya da haihuwar autarsu, Inna ta ce ba ta ƙara wuni ba ta ga jikarta ba. Maƙwabciyar da ta shirya ta ta riga ta tafi aiki. Injiniya ya tura keken cikin motar, ya ɗaure huɗun nan, ya girgiza keken sau biyu, ko gezau. Sannan ya jawo bel ɗin, ya tsaya riƙe da shi. A jikin keken akwai wani ɗan siririn maɗauri da maƙwabciyar ta manna wa Inna. Ya san na gyara zama ne kawai, ba ya riƙe mutum idan mota ta ci birki. Da bakinsa ya sha faɗa wa direbobi haka.

"Injiniya, me aka tsaya jira?" in ji Inna.

"Babu komai, Inna. An gama."

"Wancan fa, da 'yata take sa mini?"

"Ai tafiyar ba nisa. A hankali zan tuƙa."

Ya saki bel ɗin ya koma mazauninsa. A hankali kuwa ya tuƙa, har mahaɗar hanya ta uku, inda wani mai babur ya gifta masa ba zato. Ya take birki iya ƙarfinsa.

Keken bai gusa ko da faɗin yatsa ba. Inna ce ta gusa. Siririn maɗaurin ya ɓalle, ta zamo gaba, goshinta ya bugi bayan kujera, ta zube a daɓe a kan ɓarin da ba ya motsi. Da ya buɗe ƙofar baya ya tarar ɗankwalinta ya faɗi gefe, ga furfurar da bai taɓa gani ba.

Babu wanda zai kira. Mutumin da ya kasa kai yatsu biyu kusa da ƙugunta ya sa hannu bibbiyu ya rungumo ta, ya ɗaga ta cak ya mayar kan keken. Rashin nauyinta ya fi komai sanyaya masa jiki.

Inna ta daɗe tana mayar da numfashi, sannan ta ce, "Kekena lafiya?"

"Lafiya lau yake, Inna."

"To, madalla. Da ma shi ka ɗaure."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a daɓen motar, motoci suna ta danna masa oda, ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ina sane na bari. Nauyinki na ji."

"Ai kuwa yanzu ka ji nauyina da hujja. Likitoci uku sun juya ni kamar tabarma, ban mutu ba. Ka ga kaina a buɗe, ka ɗauke ni kamar jaririya. Saura me kake ɓoyo? Miƙo mini ɗankwalina, ka sa mini abin nan."

Ya jawo bel ɗin, ya zura shi ta ƙarƙashin wurin ɗora hannu.

"Ƙasa kaɗan," in ji ta. "'Yata ba a kan ciki take ɗora shi ba."

Ya sauko da shi, ya daidaita na kafaɗa, ya danna har ya ce ƙas.

A asibiti likita ya duba ta, ya ce buguwa ce kawai. Amma matarsa, tun kafin ta miƙa jaririyar, ta hango kumburin.

"Inna, me ya sami goshinki?"

"Tsufa ne, 'yar nan. Ƙofa ce ta…"

"Ni ne," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Ban sa mata bel ba."

Matar ta yi masa wani irin kallo, wanda da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Da za su koma, wata nas ta rako su har mota. Ta ga ya ɗaure huɗun, sai ta miƙa hannu za ta kama bel ɗin.

"Bari, 'yar'uwa," ya ce. "Aikina ne."

Ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Inna ta kau da fuska ga taga, ta ɗaga masa hannunta mai lafiya don bel ya wuce.