Agogon da Ke Komawa Baya

A shekarar 1997 kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar 'yan matan da Malama Sauda ke koyar da lissafi a Ƙaraye. Ita ma ɗin kwance ce, wani kamfani a Kano ya gaji da ita, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta karɓo ta kawo. Aka ajiye ta a ɗakin da a da ake tara tsintsiya da bokitai, aka lulluɓe ta da zane. Da yake Sauda kaɗai ce ta taɓa zama a gaban irinta lokacin tana kwalejin horon malamai, sai shugabar makaranta ta miƙa mata mukulli ta ce, "Malama, ga amana nan. Ki san yadda za ki yi da ita."

Na'urar ta zo ba komai a cikinta da za a koya wa yara rubuta furogiram da shi, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi. Sauda ta rubuta wa ƙawarta Ma'u wasiƙa. Ma'u tare suka yi kwaleji, yanzu tana aiki a wani ofis a Kano inda akwai tarho da imel. Bayan sati biyu direban motar haya ya kawo mata kwalin takalmi ɗaure da kyauro, a ciki faya-fayan kwamfuta guda goma sha ɗaya, da 'yar takarda: "Kayan aikin rubuta furogiram ne. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suke yi, ba sayarwa suke ba. Ki kwafa, ki ba wanda kika ga dama."

Sauda ba ta yarda ba sai da ta buɗe faifan farko ta karanta da idonta. Haka ne kuwa. Masu abin sun ce kowa ya ɗauka, har ma sun haɗo da ainihin rubutun da suka gina kayan da shi, don wanda ya ga kuskure ya gyara. Ta daɗe tana kallon gilashin na'urar. A iya saninta, mai sana'a ko ɗan cikinsa ba ya nuna wa duk sirrinsa rana ɗaya.

Cikin kayan akwai wani ƙarami mai amfani ƙwarai. Idan ka rubuta furogiram gutsure-gutsure a fayiloli da yawa, shi ne zai duba wanne ka taɓa tun haɗin da ya gabata, ya sake haɗa shi da sauran, ya bar waɗanda ba ka taɓa ba. Ɗalibanta suka laƙaba masa suna Magini. Kullum Laraba da Alhamis bayan azahar su goma sha biyu ke cika ɗan ɗakin, suna karɓa-karɓa a kan kujera ɗaya.

Matsala ta fara ne da damina. Yarinya za ta gyara kuskurenta, ta kira Magini, sai ya amsa cewa ba abin da ya canza. A kunna furogiram ɗin, tsohon kuskure na nan daram. Wata rana ya yi aiki lafiya lau, wata rana ya ƙi. Sauda ta ɗauka sakaci ne, ba sa adana gyaran. Har wata Alhamis ta yi wa ajin faɗa sosai, ta ce wadda ba za ta iya kula ba ta koma ajin ɗinki. Da suka fita ta zauna ta gwada da hannunta, ya yi mata abin da ya yi musu. Kunya ta kama ta. Laraba mai zuwa ta ba su haƙuri, amma ba ta da bayanin da za ta yi musu.

A ƙarshen watan ta tafi gaida iyayenta a Zoza, ta biya ta kasuwar Rogo wajen ƙanin mahaifiyarta, Kawu Muntaka, mai gyaran agogo. Rumfarsa 'yar ƙarama ce kusa da masu mazarƙwaila, teburi ɗaya da akwatin gilashi. Ta same shi da tabarau ɗin gyara maƙale a ido ɗaya. Suka gaisa, ya tambayi maigidanta da aiki da ruwan Ƙaraye, sannan ya ce, "Saude, na ga ranki ba daɗi. Ko 'yan matan ne?"

"Wallahi Kawu, na'ura ce ta sa ni gaba." Ta ba shi labari, ba don tana zaton zai gane ba, sai don ta samu mai sauraro.

Bai ɗago daga agogon da ke hannunsa ba ya ce, "Shi wannan magini naku, da me yake gane sabo da tsoho?"

"Kowane fayil akwai lokacin da aka taɓa shi a jikinsa. Shi yake dubawa."

"To wa ke gaya masa lokacin?"

"Akwai agogo a cikin na'urar."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ran da abin ya ƙi, an ɗauke wuta a ranar?"

Sauda ta bi ranakun a ranta. An ɗauke. Duk ranakun da ta iya tunawa, an ɗauke an kawo.

Kawu Muntaka ya jawo wani agogon roba mai lambobi daga akwati, ya zare batirinsa, ya mayar. Lambobin suka koma sha biyu daidai. "Kin gani? Wannan bai san jiya ba. Duk sanda ya farfaɗo, a wurinsa yanzu aka halicci duniya. Je ki tambayi na'urarki yau wace rana."

Ranar Litinin tun kafin a buga ƙararrawa ta buɗe ɗakin ta tambaya. Na'ura ta ce yau ɗaya ga Janairu, 1980, ƙarfe sha biyu da minti biyu. Nan take komai ya warware mata. Idan an yi awa uku ana aiki, haɗin da Magini ya yi zai ɗauki ƙarfe uku. Wuta ta ɗauke ta dawo, agogo ya koma sha biyu. Gyaran da yarinya ta yi bayan haka sai ya ɗauki sha biyu da 'yan mintuna, Magini ya gan shi ya ce ai wannan ya girmi haɗin, ba sabon abu. Sauda ta yi dariya ita kaɗai har da tafa hannu.

Kawu Muntaka ya zo da kansa a kan babur bayan kwana huɗu, suka kwance murfin na'urar. Batirin agogon wani ɗan kurtu ne shuɗi da aka liƙe da dalma, ya zubar da ruwa ya yi tsatsa. Ya cire shi, ya goge wurin da tsohon buroshin haƙori don kada tsatsar ta ci gaba, ya ce irinsa dai bai taɓa gani ba ko a Kano. Saboda haka Sauda ta manna takarda a bango: duk wadda ta kunna na'ura ta fara saita kwanan wata. Ana yi, ana mantawa.

Da hutu ya zo ta sake zuwa Zoza. Mahaifinta, wanda suke kira Baffa, yana zaune a gindin ɗorawa da hantsi yana tufkar igiyar ɗaure maruƙa. Ta ba shi labarin duka, rabi da Hausa rabi da Fillanci, har da yadda mutanen da ba ta sani ba suka ba ta kayan aiki kyauta. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To su masu abin, kin gaya musu?"

"Me zan gaya musu, Baffa? Manyan masana ne. Na'urorinsu ba sa irin wannan ciwon."

"Shi ya sa ba su sani ba. Mutum ya ba ki aron saniya, kika ga ƙaya a kofatonta, sai ki yi shiru don shi ya fi ki shanu?"

Maganar ta bi ta har Ƙaraye. Ta roƙi izinin shiga makaranta a hutu, kullum da safe idan akwai wuta ta zauna tana karanta rubutun Magini, layi bayan layi, tana kwafe abin da ya shige mata duhu a littafin darasi. Sati uku ta yi kafin ta gano inda yake gwada lokutan. Ta ƙara layi goma sha tara: idan ya ga fayil ɗin da lokacinsa ya wuce na agogon yanzu, ya faɗa cewa agogo ya koma baya, ya sake haɗa komai daga farko. Ta gwada, tana zare wayar wuta da gangan tana mayarwa. Ya yi.

Ta shiga motar Kano da faifan naɗe a gyale cikin jaka. A ofis Ma'u ta ba ta kujera, ta rubuta wasiƙar da Turanci, ta goge, ta sake, har Ma'u ta ce, "Ke don Allah, ba neman aiki kike ba. Faɗi abin da ya faru ki tura." Ta tura ga adireshin da ke cikin faifan, ta dawo gida tana ganin ta yi wauta.

Bayan kwana goma sha biyu direba ya kawo ambulan daga Ma'u. Amsa ce shafi biyu daga mai kula da aikin, mutumin da bai sa cikakken sunansa ba sai haruffa biyu. Ya gode mata, ya ce shekara shida yana riƙe da wannan aiki bai taɓa tunanin agogo na iya komawa baya haka ba. Amma ya ce ba zai iya karɓar gyaran yadda yake ba. A wuraren da na'urori da yawa ke haɗe da juna, agogonsu kan saɓa da daƙiƙa biyu ko uku, kuma gyaranta zai sa Magini ya wuni yana rushe gini yana sakewa.

Da farko zuciyarta ta sosu. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin littattafai, ta kwana biyu ba ta taɓa ta ba. A rana ta uku ta ɗauko ta sake karantawa a tsanake, sai ta ga abin da ɓacin rai ya hana ta gani. Mutumin ya bi layukanta goma sha tara ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mata inda ta yi daidai, ya nuna inda za ta iya taƙaitawa, ya kawo misali, har ya ba ta haƙuri kan jinkirin amsa wai 'yarsa ce ba lafiya. Mutum ne da bai san ta ba, ba zai taɓa ganinta ba, ya zauna ya koyar da ita kamar ɗalibarsa. Ta ce a ranta, Allah ya ba yarinyar lafiya, ta ɗauko biro.

Sau biyu ta ƙara komawa Kano. A karo na biyu ta sa iyaka: idan saɓanin kaɗan ne a yi gargaɗi kawai, idan ya yi yawa a sake haɗi. Ya dawo mata da tambaya ɗaya, ta amsa. A karo na uku, ana tsakiyar yankan rake, amsar layi uku ce: an karɓa, zai fito a sabon bugu, wane suna za a rubuta? Ta ce a rubuta nata, a kuma rubuta Muntaka mai gyaran agogo na Rogo, domin shi ya gano ciwon.

Sabbin faya-fayan sun iso a farkon 1998. Ta buɗe fayil ɗin da ake jera waɗanda suka taimaka, ta gangara cikin sunaye fiye da ɗari da ba ta iya furta rabinsu ba, ta tarar da nasu biyu a jere. Ta kwafe layin a takarda ta kai Rogo ran kasuwa. Kawu Muntaka ya sa ta karanta masa sau biyu, ya ce, "Ikon Allah. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba." Ya kira maƙwabcinsa mai mazarƙwaila ya nuna masa, mutumin ya tambaya ko za a ba shi wani abu. Kawu ya ce, "An ba ni. Ba ga shi a hannuna ba?"

A cikin ambulan ɗin da ya zo da faya-fayan akwai wata takarda da Sauda ba ta lura da ita ba sai da ta koma gida. Ma'u ce ta bugo mata wani imel daga wani malamin makaranta a wani gari cikin duwatsun Kudancin Amurka. Turancinsa ma da ƙyar, kamar nata. Ya ce ya ga sunanta, ya gode, gyaranta ya raba shi da ciwon kai na shekara guda. Sannan ya ce yana da wata matsalar: idan faifai ya cika ana tsakiyar haɗi, abin da ke fitowa gurgu ne, kuma Magini ba ya cewa komai. Ko ta taɓa gani?

Ba ta taɓa gani ba, amma tana jin ta san wajen da za ta duba. Washegari bayan an tashi daga aji ta ɗauki wani tsohon faifai, ta cika shi da tarkacen fayiloli har ya kusa maƙura, ta kira Magini, ta jawo littafin darasinta kusa, ta zuba ido.