Saƙon Rasuwar Baba Berend

Marloes ta iso ƙofa ta uku. Al'adar ƙauyensu ce, idan aka yi rasuwa, maƙwabcin da ya fi kusa shi zai bi gida-gida ya sanar. Ita ce katanga ɗaya da Baba Berend, don haka ita ce a titi da baƙar riga, ana yayyafi.

"Baba Berend ya rasu da safen nan," ta ce wa Wim mai gyaran keke.

"Kai! Tsohon da ya ce sai ya binne mu duka? Ƙodar ce?"

"Huhu ne."

Ba ƙarya ta yi ba, amma fa ta san abin da ta haɗiye. Tun da aka yi wa Baba Berend dashen ƙoda yake shan maganin da ke kwantar da garkuwar jikinsa, don kada jikin ya yaƙi baƙuwar ƙodar. Allurar ƙyanda ma likita ya hana shi. Shi kuwa abin ya mai da shi raha. "Sojojina sun tafi hutu," yakan ce, "naku nake ara."

Da ƙyanda ta ɓulla a makaranta, ya leƙo ta saman shinge, almakashin yankan fure a hannunsa.

"'Yar nan, an yi wa Fenna allurar ko?"

"Tuni ma, Baba!"

Tuni ina! Wani abu ta karanta a waya ya tsorata ta, ta yi ta ɗagawa, kuma kunya ta hana ta faɗa. Fenna, 'yarta, ta ci gaba da wuni a kicin ɗinsa, tana tari a kan cinyarsa yana yanka mata cuku. Da ƙurajen suka feso, Marloes ta kulle ta a gida, ta ce wa mutane mura ce. Yarinya ta warke sarai. Baba Berend ne ya kamu, bai tashi ba.

Da ta gama zagaye ta koma gidan rasuwar. An sauke labule. Inna Dinie, matarsa, tana zaune gaban kofin gahawa da ya huce.

"Me kika ce musu?"

"Huhu."

"Huhu." Tsohuwar ta juya kofin a hankali. "Tun ranar da ƙuraje suka fito masa ya gane. Ya ce kada in ce miki komai, wai kina da abin da ya ishe ki. Shi ya ce. Ni ban yi masa alkawari ba."

Marloes ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kuka take so ta yi, amma ta ga ba ta da hurumin yin kuka a ɗakin nan.

"Inna, ki yafe..."

"Bar wannan, ba yau ba. Kin zaci ke kaɗai ce mai ɗaga allura a layin nan? Ga jaririya a gidan Wim, ko isa allurar ba ta yi ba. Ita ma sojojin wasu take ara. Saƙo aka ba ki, kin kai rabi. Koma ki faɗi sunan ciwon, da inda ya samo shi."

Yayyafin bai tsaya ba. Marloes ta sake tsayawa a ƙofar Wim, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ta gilashin ƙofar tana hango keken jaririyar a zaure, ƙaramin bargo rawaya ya zamo har ƙasa. Ta ɗora yatsa a kan ƙararrawa.