Kai Ka Mutu, Ni Na Tsufa

…kai ɗin dai, kullum kai. Yarinyar nan 'yar jami'a ta zauna gabana, ta kunna wayarta, wai tarihin jam'iyyarmu take rubutawa, amma tambayarta ta farko: "Baba, wane irin mutum ne Mai-walda?" Wane iri ne kai? Gajere, mai saurin fushi, ba ka gama magana sai tari ya sarƙe ka. Na ce mata, "Jarumi ne." To me zan ce?

Ga hotonka can saman allo, gashi baƙi wuluk, haƙora ba giɓi. Ni kuwa sai da na huta a tsakiyar matakala kafin in iso ofishin nan.

Mu nawa ne a farko? Ko benci biyu ba mu cika ba a bayan shagonka. Kai, ni, matan masaƙa, wasu direbobi. Ni na kawo zancen cewa gumin ma'aikaci nasa ne, ni nake karanta muku littattafan kana hamma. Sunan jam'iyyar ma daga bakina ya fito. Amma ranar yajin aikin masaƙa kai ne a gaba, harsashin 'yan sanda ya same ka — ni kuwa takalmina ne ya tsinke, na sunkuya. Takalmi!

Shi ke nan, ka gama naka. Ni aka bar wa sauran. Rabuwar jam'iyya ta farko, da suka tafi da injin buga takardu… ta biyu, har kujeru suka kwashe. Zaɓen da ko a rumfar unguwarmu ba mu ci ba, surukina ma bai jefa mana ba. Gidan yari, inda na baro ƙodata ɗaya. Kansila guda da muka taɓa samu, bai shekara ba ya koma wajen masu manyan motoci. Wa aka zaga? Ni. Kana bango kana murmushi. Ba ka taɓa faɗuwa zaɓe ba. Ba ka taɓa miƙa wa maƙiyinka hannu don a tsira da jam'iyya ba, balle a kira ka maci amana.

Uwar 'ya'yana ma… duk ranar tunawa da kai, ita ke goge gilashin hoton da bakin mayafinta. A hankali. Tana daɗewa a wajen goshin. Akwai wani abu ne tsakaninku kafin ni? Ban taɓa tambaya ba. Ba na son ji.

Yau samarin kwamiti za su kaɗa ƙuri'ar tsige ni daga shugabancin jam'iyya. Wai na yi sanyi. "Da Mai-walda na raye…" Da kana raye me? Da yanzu ka yi tumbi, ƙila ma an saye ka tuni. Ko kuwa… a'a. Abin da ke cina ke nan — ban sani ba. Ƙila ko a tsufan ma da ka fi ni.

Yarinyar ta sake jefo tambaya: "Baba, kai fa, wace rawa ka taka?"

Ni? Bari in… daga ina zan kama?

Ga samarin nan suna hawowa, suna rera waƙarka. Ni na tsara ta ranar da muka binne ka, ina kuka har na kasa tsayuwa. Ba wanda ya tuna. Da ita za su cire ni. Kuma ga bakina yana motsi, yana bin su baiti bayan baiti, na kasa hana shi…