Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin 'Yan Haya

Matar nan daga wata ƙasa mai nisa ƙungiyarsu ta turo ta, wai ta zo ta gyara wa ƙauyen yadda suke zaɓen shugabansu. Sunanta ya gagari bakin kowa, sai aka laƙaba mata Uwar Akwati, don ba ta da zance sai na akwatin ƙuri'a.

Da can, ɗan takara ke tsayawa a filin makaranta, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Ba wanda ya taɓa kuskuren layi, domin Mai Shaguna yana kan kujerarsa a inuwa yana kallo. Shagunan bakin titi nasa ne, ɗakunan da ke bayansu nasa ne, mai cin zaɓen kullum kuwa ƙanensa ne.

Ta sha wuya, baiwar Allah. Ta kira taro, a shanye lemon kwalba a watse kafin ta kai tsakiyar magana. Ta manna hotunan koyarwa, washegari ta tarar mai kifi na naɗe kifi da su. Da ta yi gwajin zaɓe, tsofaffi suka riƙa fitowa daga bayan labulen rumfar zaɓe suna ɗaga takardar sama don kowa ya shaida. Ta ce ba haka ake yi ba, suka ce su ba ɓarayi ba ne, me za su ɓoye?

Inda kawai take samun sanyi shagon Tela ne. Mijin Tela ya rasu ya bar mata keken ɗinki da 'yan mata biyu, shago a gaba, ɗakin kwana a baya, duk haya a hannun Mai Shaguna. Ita aka ba ɗinkin labulen rumfar zaɓe. Uwar Akwati ta zo duba aiki, zama ya yi daɗi, shi ke nan kullum da yamma tana kan bencin tana tsinke zare, tana kwaɓa harshen garin, Tela na gyara mata tana dariya har da riƙe ciki. Wannan ta ce Yaya, waccan ta ce ƙanwata. Duk mai wucewa kuwa yana gani.

Gyara biyu Uwar Akwati ta kafe a kansu. Ta hana dangwala yatsa, ta kawo hatimi guda kowa ya buga, don kada a taɓa gane takardar wani. Sannan ta ba kowace unguwa akwatinta, a ƙirga nan take a gaban jama'a, kada a yi maguɗi a hanya. Layin 'yan hayar Mai Shaguna ma ya samu nasa.

Ranar zaɓe aka zazzage akwatin 'yan haya a kan tebur. Ƙanen Mai Shaguna, ƙanen Mai Shaguna, haka ake ta kira har mutane suka fara hamma. Can sai ga guda ɗaya tilo ta abokin takararsa. Uwar Akwati kuwa murmushi ya suɓuce mata, a ranta tana cewa ga mutum ɗaya ya yarda da labulen.

Ƙanen ya ci zaɓe da rinjaye, amma Mai Shaguna bai yi murna ba. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi akwai wanda ke kwana ƙarƙashin kwanonsa yana tofa masa yawu, in ba a nuna shi ba, layin duka ya nemi wurin zama. Ba a daɗe ana nema ba. Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na Tela, ya ce shi dai bai ce komai ba, amma kowa ya san shagon da baƙuwa ke yini. Aka aiko wa Tela ta kwashe kayanta kafin wata ya mutu.

Da sassafe Tela ta iske Uwar Akwati a ofis, mayafi a karkace. Ta rantse da kabarin mijinta ƙanen Mai Shaguna ta zaɓa, har sai da hatimin ya kusa huda takardar. A buɗe akwati a nuna tata. Uwar Akwati ta ce ko an buɗe ba za a gane ba, ai don haka aka yi hatimin. Tela ta dube ta kamar ba ta ji harshen ba.

Uwar Akwati ta tafi gidan Mai Shaguna. Ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ta yi masa bayanin cewa babu mahaluƙin da zai iya sanin mai ƙuri'ar nan.

"Har ke, 'yata?"

"Har ni, Baba."

"To, ta yaya kika san ba ita ba ce?"

Sai ya sauƙaƙa mata: ta tsaya gaban 'yan haya ta ce da idonta ta ga takardar Tela, ƙanensa ta zaɓa, shi kuma ya bar Tela da shagonta. Nan ta gane abin da yake so. In ta faɗi haka, ƙauyen duka zai yarda ana leƙen bayan labule, kuma ba mai sake yin gangancin saɓa masa har abada.

Tela na jiran ta a bakin titi. Da ta ji sharaɗin, fuskarta ta washe, ta ce ai abu ya zo da sauƙi. Uwar Akwati ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya ba, aikin duka zai rushe, amma za ta kai ƙara sama.

"Ƙarya ɗaya ce fa, ƙanwata," in ji Tela. "Ƙaryar ma gaskiya ce, shi na zaɓa. Ke in kin gama jirgi za ki hau. Ni yaran nan ina zan kai su?"

Uwar Akwati ta yi kuka sosai, amma ba ta faɗa ba. Ƙarar da ta kai kuwa, aka ce maganar haya ba ta shafi zaɓe ba.

Ran tashi maƙwabta suka fito taya ɗaukar kaya, kowa ido a ƙasa, mai ƙuri'ar ma yana cikinsu ko waye shi. Aka ɗaure keken a kan amalanke da katifa da tukwane, za a kai su ƙauyen dangin mijin, inda ba mai kawo ɗinki sai faci. Uwar Akwati ta miƙa hannu za ta kama ƙafar keken, Tela ta ce ta matsa kada maiƙo ya ɓata mata riga.

Amalanken bai sha kwana ba mai aski ya shigo shagon da madubinsa, yana tambaya ko akwai mai ara masa tsintsiya.