Ranar da Baba Andrawus Ya Huda Rufin Kogo

Shekara uku ke nan kwamfutoci goma sha biyu suna zaune a wata sakandare da ke gindin dutsen Kagoro, an lulluɓe su da atamfa kamar kayan gado. Ga sola a kan rufi, ga fanka, amma babu ɗalibin da ya taɓa danna ko harafi ɗaya. Makullin ɗakin yana aljihun shugaban makarantar, Baba Andrawus, kuma hujjarsa ɗaya ce: yara za su lalata. Abin da ba a taɓa ba ai ba ya lalacewa, sai dai ya tsufa a banza.

Malama Faustina, mai koyar da labarin ƙasa, ta yi ta naci har ya gaji.

"To, na ba ki hutun tara," in ji shi. "Ki nuna mini amfaninsu. In ban gani ba, kada in sake jin zancen nan sai na yi ritaya."

Ta kunna guda ɗaya, ta buɗe wani wasa na kafa gari. Mutum bakwai ne suka sauka a gefen dutse, suka haƙa kogo, suna noman naman kaza, wato laimar kwaɗi, a ciki. Ta nuna masa cewa duk inda aka nuna da maus, abin nunin kwamfuta, wasan yana faɗin halin wurin: haske ne ko duhu, sama ne ko ƙarƙashin ƙasa, ciki ne ko waje. Naman kazan ba ya fitowa sai a duhun ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne abincin garin kaf.

Baba ya gyara tabarau. "Haba, Malama! Bayin Allah a rami kamar gafiya? Buɗe musu sama su sha iska."

"Baba, nan gonarsu ce. In rana ta..."

"Ni da na yi noma tun kafin a yi wa babanki baftisma? Kawo abin nan."

Ya karɓi maus, ya sa aka huda rufin. Nan take rubutun ya canza: haske, sama, waje. Manoman suka ajiye fartanya suka watse. Abincin rumbu ya fara raguwa.

"Ƙaramin abu," in ji Baba. "A mayar da rufi."

Aka gina rufi. Waje ya koma ciki, amma haske da sama suna nan daram.

"Wannan ƙarya ne! Irin cittata in na zuba a rami na rufe da ciyawa, ai duhu ne."

"A wasan nan ba haka ba ne, Baba. Ƙasar da rana ta taɓa gani sau ɗaya, ta zama ta sama ke nan har abada, ko dutse ka ɗora mata."

Wani ɗan mutum a allon ya zauna ya kama ciki. Faustina ta kalli agogo: saura minti shida a buga ƙararrawa. Haƙa sabuwar gona zai ɗauki lokaci, kafin nan garin ya mutu. Ta san abin da za a faɗa a ɗakin malamai: an kunna, an kashe mutum bakwai, an rufe. Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, yara ɗari huɗu su biya!

Baba kuwa ya sosa haɓa.

"Kin ce ta zama ta sama?"

"Eh, Baba."

"To abin da ake shukawa a sama fa? Ba su da acca?"

Suna da irin hatsi a buhu, wanda ba ta taɓa shukawa ba saboda namun daji suna tattake gonar waje. Bai taɓa zuwa mata a rai ta gwada a nan ba. Baba ya danna da yatsa biyu, harshe a waje, ya sa a shuka hatsin a gonar. Manoman suka dawo a guje. Ga gona a cikin dutse, ga rufi, babu ƙofar da dabba za ta bi, kuma wasan yana lissafa ta a gonar rana. Ta ƙara gudun kwanaki, tsiro ya yi kore shar.

"Ato!" Ya buga tebur. "Digirin naki bai kai nan ba, ko?"

"Bai kai ba, Baba."

Ƙararrawa ta kaɗa. Bai motsa ba.

"Waɗannan 'yan aji biyar ɗin, masu kai kamar kabewa, za su iya gano wannan?"

"Ta ina za mu sani, Baba, suna bayan ƙofa?"

Ya harare ta ta saman tabarau, ya laluba aljihu, ya ciro makullin ya ajiye a gabanta.

"Talata da Juma'a. Amma wannan ta kusa da taga, kada wanda ya zauna. Ban gama da mutanena ba, ko rijiya ba su da ita."